Tallafin Karatu ga Ɗaliban Rashanci: Wa Ke Bayarwa, Me Kuma Yake Nema

Duk wanda ya buɗe littafin Rashanci a karon farko, baƙaƙen ne ke fara tare shi. Guda 33 ne, wasunsu kuma sun yi kama da namu na boko amma lafazinsu daban: wanda ka sani da P a can "r" ne, H "n" ne, C kuma "s". Wannan cikin 'yan makonni ake wuce shi. Aikin yana ga nahawu, inda suna ke sauya wutsiya har iri shida gwargwadon matsayinsa a jimla. Birnin Mosko su Moskva suke ce masa, amma in kana cikinsa sai ka ce v Moskve, in za ka je shi v Moskvu, in daga can ka fito iz Moskvy. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar kusan sa'o'i 1,100 a aji kafin ya iya aiki da harshen. Karatu mai cin lokaci haka dole ya ci kuɗi, shi ya sa ɗalibin Rashanci ba ya rabuwa da tambayar wa zai ɗauki nauyinsa.

Mu fara da raba abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. Akwai lambar yabo, wadda shaida ce kan ƙwazon da ka riga ka nuna, sau da yawa takarda ce ko mindal ba tare da kuɗi ba. Akwai kuma tallafin karatu, wanda ke biyan kuɗin makaranta ko na zama don karatun da ke gaba. Ta farko takan buɗe ƙofar na biyu, don haka kada a raina ta.

Babbar ƙofa ga ɗalibin da ba ɗan Rasha ba ita ce guraben da gwamnatin Rasha ke ware wa baƙi duk shekara, waɗanda ake kira kwota. A da guraben 15,000 ne, aka ɗaga su zuwa 18,000 a 2021, 23,000 a 2022, sannan 30,000 daga 2023. Hukumar Rossotrudnichestvo ce ke kula da zaɓen, kuma mataki biyu ne. Da farko mai nema zai cika takardu ta intanet, a tantance shi a ƙasarsa ta hannun cibiyar al'adun Rasha ko ofishin jakadanci. Wanda ya tsallake sai a miƙa takardunsa ga jami'o'in da ya zaɓa, har guda shida bisa jerin fifikonsa, tare da iyaka kan yawan waɗanda zai ɗauka daga Mosko da San Fitasbag. Jami'o'in ne ke yanke hukunci na ƙarshe. Shawarata a nan ita ce kada mutum ya rufe ido ga biranen lardi irin su Kazan, Tomsk da Voronezh. Rayuwa ta fi sauƙi a can, masu jin Turanci kuma sun fi ƙaranci, abin da ke tilasta wa baƙo buɗe baki da Rashanci tun daga kantin burodi.

Abin da kwota ke biya shi ne kuɗin makaranta, da gurbi a ɗakin kwanan ɗalibai, da ɗan kuɗin aljihu daidai da wanda ake ba 'yan ƙasa. Wannan kuɗin aljihun ba ya ciyar da mutum wata guda. Tikitin jirgi, inshorar lafiya, abinci, da rigar sanyi da takalmin da za su jure ƙanƙarar Janairu, duk suna wuyan ɗalibi da iyayensa. Ina jaddada wannan domin da yawa suna jin "karatu kyauta" sai su ɗauka komai an ɗauke musu, sai sun sauka su tarar da lissafin da ba su shirya masa ba.

Wanda ya zo babu harshe ana ba shi shekara guda ta share fage, wadda ɗalibai ke kira podfak, kuma kwota na ɗaukar nauyinta. A nan ne ake gane wanda zai kai labari. A ƙarshenta ana son ɗalibi ya kai matakin B1 a jarrabawar Rashanci ta baƙi da ake kira TRKI. Jarrabawar tana da matakai shida, daga A1 zuwa C2, kuma kowanne ana gwada abu biyar: nahawu da kalmomi, karatu, rubutu, saurare, da magana. Mai karanta injiniya ko likitanci B2 ake sa ran ya kai kafin ya gama. Wanda harshen kansa yake nazari, mai son zama malami ko tafinta, sai ya haura zuwa C1 ko sama. Saboda haka ɗalibin da ya riga ya fara Rashanci a jami'ar ƙasarsa, in ya samu damar zana TRKI kafin ya nemi tallafi, ya riƙe hujjar da ta fi kowace wasiƙar yabo nauyi, kuma yana iya tsallake podfak ɗin gaba ɗaya.

Ƙofa ta biyu gasa ce, Open Doors, wadda ƙungiyar wasu manyan jami'o'in Rasha ta fara a 2017. Ta intanet ake yin ta, da Rashanci ko da Turanci, a fara da duba tarihin karatun mutum sannan a yi jarrabawa. Waɗanda suka yi nasara suna samun gurbi ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, kuma nazarin harshe na cikin fannoninta. Ga mai son koyar da Rashanci kuwa, sunan da ya kamata ya riƙe shi ne Cibiyar Pushkin ta Mosko, wadda aikinta kenan tun shekarun 1970. Sunan mawaƙi Pushkin ɗin nan dai shi ne a kan Mindal ɗin Pushkin, wanda gwamnatin Rasha ta kafa a 1999, kuma baƙin da suka yi wa harshen hidima suna cikin masu karɓarsa.

A Amurka labarin daga tsoro ya faro. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurkawa suka farga cewa masu jin harshen abokin hamayyarsu ba su da yawa. Shekara guda bayan haka majalisa ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa, daga cikinta tallafin koyon harsunan waje ya samo asali. A 1991 aka ƙara tallafin Boren, wanda mai cin sa ke ɗaukar alkawarin yi wa gwamnatin tarayya aiki na aƙalla shekara guda. A 2006 aka fara shirin CLS na karatun bazara mai tsanani. Duka biyun na 'yan Amurka ne kawai. Bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, ɗaliban irin waɗannan shirye-shirye suka koma koyon Rashanci a ƙasashe irin su Kirgistan, Latbiya da Jojiya. A ɓangaren yabo kuma akwai ƙungiyar Dobro Slovo, da aka kafa a Berkeley a 1926 don karrama ɗaliban harsunan Silabawa, da gasar rubutun insha'i da ƙungiyar malaman Rashanci ta Amurka ke shirya wa ɗaliban jami'a duk shekara.

Idan aka jera waɗannan gaba ɗaya, sai a ga kowane mai bayarwa yana da buƙatarsa. Rasha na neman abokai da masu jin harshenta, Amurka na neman ma'aikata. Ban ga aibu a wannan ba, matuƙar ɗalibi ya san abin da ya sa wa hannu.

Mu ma a Najeriya muna da tsohuwar alaƙa da lamarin. Jami'ar Abota ta Mosko, da aka kafa a 1960 aka kuma raɗa mata sunan Patrice Lumumba a 1961, ta yaye 'yan Afirka da dama. Aikin ƙarfe na Ajaokuta ya sa an tura 'yan Najeriya horo a Tarayyar Sobiyet. Su ma can sun yi nazarin Hausa, har Dmitri Olderogge ya jagoranci ƙamus na Hausa da Rashanci da ya fito a 1963, Rediyon Mosko kuma ya daɗe yana watsa shirye-shirye da Hausa. A yau ana karanta Rashanci a jami'o'in Ibadan, Legas da Nsukka. Shekaru da yawa hanyar da aka fi sani ita ce yarjejeniyar BEA, inda Rasha ke biyan kuɗin makaranta, gwamnatin Najeriya kuma ta ba da alawus. Ɗalibai sun sha kokawa kan jinkirin alawus ɗin, kuma a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina tura sababbi ta wannan hanya. Wanda ke da niyya yanzu sai ya nemi kwota ko Open Doors da kansa.

Akwai gargaɗin da ba zan iya tsallakewa ba. A watan Oktoba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito yadda aka ɗebi 'yan mata daga Afirka da sunan karatu da aiki a shirin Alabuga Start, suka ƙare a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa a Tatarstan. Tallafin karatu na gaskiya yana zuwa da sunan jami'a, da fannin karatu, da bizar ɗalibi. Neman kwota kuma ba a biyan ko kwabo, don haka duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi ya sayo gurbi, a tashi daga gabansa.

Sauran aikin na takardu ne, kuma shi ya fi jinkirta mutane. Ana buƙatar fasfo da ya rage masa aƙalla wata 18 daga ranar da biza za ta fara aiki, da takardun shaidar karatu da aka fassara zuwa Rashanci aka hatimce, da takardar likita haɗe da sakamakon gwajin ƙanjamau. Ana buɗe neman kwota a watannin ƙarshen shekara, karatu kuma a can 1 ga Satumba yake farawa, don haka mai son tafiya baɗi ya fara haɗa waɗannan tun daminar bana.