Jirgin Ƙasa a Bayan Gidanmu: Bayani ga Mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni

Duk wanda ya tashi a unguwannin kudancin birnin Kano ya san kukan jirgin ƙasa. Da an jiwo shi daga wajen Sharaɗa sai ka ga yara sun watsar da wasa sun sheƙa bakin dogo, suna ƙidayar taragu, suna ɗaga wa direba hannu. Manya ma su kan dakata, mai keke ya sauke ƙafa, mai talla ya dafe farantinsa, har taragon ƙarshe ya shige. Kallon jirgi ba laifi ba ne. Amma da yawa daga cikin masu kallon ba su san yadda abin nan ya ke aiki ba, ba su kuma san sauyin da ke tafe ba. Don haka aka rubuta wannan takarda, domin mai kallo ya san abin da ya ke gani, ya kuma san nisan da ya kamata ya tsaya.

YADDA DOGO YA ISO KANO

A shekarar 1907 aka soma shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar wajen mil 350. Gwamna Girouard, wanda shi kansa masanin aikin reluwe ne, shi ya tsaya a kan aikin. Dogo ya iso Kano cikin 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe shi ga jama'a cikin 1912. A wannan shekara kuma aka gama shi da hanyar da ta taso daga Ikko, watau Legas, suka zama abu guda. Daga Ikko zuwa Kano wajen mil 700 ne. Cikin 1930 aka ƙarasa reshen da ya wuce gabas ta Jogana da Ringim da Malam Madori har Nguru.

Turawa auduga suka sa rai jirgi zai riƙa kwasa, amma manoman ƙasar Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba. Cikin 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai ton 3,000 ba, cikin 1913 kuwa ta haura ton 19,000. Daga nan ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa. Dalar gyaɗa da mu ke alfahari da ita, asalinta jiran jirgi ne: amfanin gona ya fi ƙarfin taragun da ke akwai, sai aka riƙa jibge buhuna ana jiran a zo a ɗauka.

Cikin 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Sannu a hankali injuna masu shan man dizal suka maye gurbin masu cin kwal ɗin Inugu. Bayan haka al'amura suka juya. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya noman, manyan motoci suka ƙwace dako, gyaran hanya ya yi rauni, har jirgin Ikko ya daina zuwa. Sai cikin Disamba 2012, bayan an yi wa hanyar gyara, aka sake ganin jirgin fasinja ya taso daga Ikko ya iso Kano, yana cin sa'a 30 ko fiye a hanya.

GARI YA CIM MA DOGO

Sa'ad da aka shimfiɗa dogo, ta cikin gonaki ya ratsa. Ya ƙetare kogin Calawa, ya bi ta wajen ganuwa, ya sauka tasha. Gyadi-Gyadi da Tarauni a lokacin nan ƙauyuka ne a bayan gari. Yau kuwa ƙaramar hukumar Tarauni kaɗai, bisa ƙidayar 2006, tana da mutum fiye da 200,000. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga masana'antun Sharaɗa da na Calawa, ga titin Zariya da na Gidan Zu cike da motoci da Adaidaita Sahu tun daga asuba har dare. Dogo bai gusa daga inda ya ke ba, gari ne ya zo ya kewaye shi.

A nan haɗarin ya ke. Da jirgi ya yi ƙaranci, sai mutane suka saba da hanyar da babu kowa a kanta. Waɗansu suka kasa kaya a gefenta, waɗansu suka mai da ita juji, waɗansu suka kafa rumfa, har da masu aza harsashin gini. Yara suka mai da ita gajeruwar hanyar makaranta. Hanyar da jirgi ke bi sau goma a yini kowa na tsoronta. Wadda ya ke bi jifa-jifa ita ce mai cin mutane, gama an manta da shi.

ABIN DA MAI KALLO YA KE GANI

In ka tsaya nesa ka lura, za ka ga ƙarafa biyu ne miƙe, an ɗaure su bisa waɗansu ginshiƙai da aka jera a gicciye, ƙarƙashinsu kuma tsakuwa. Ginshiƙan nan su ke riƙe ƙarafan kada su buɗe, tsakuwar kuwa ita ke ɗaukar nauyi, ta kuma tsiyayar da ruwan sama. Wanda ya ɗebi tsakuwar nan ya kai gininsa, ko ya toshe magudanar gefen dogo da shara, ya raunana hanyar ko da bai taɓa ƙarfe ba.

Direban jirgi ba shi da sitiyari. Ko wace ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke bin jikin ƙarfe, inda ƙarfe ya nufa nan jirgi za shi. A mahaɗa, inda hanya ta rabu biyu, akwai waɗansu harsunan ƙarfe masu motsi. Ma'aikacin tasha ne ke karkata su dama ko hagu, ya kulle, sa'an nan ya ba da alama jirgi ya taho. Ɗan dutse guda da yaro ya cusa tsakanin harshen da ƙarfen ya isa ya hana shi rufuwa, ya kuwa isa ya kayar da jirgi.

Tsohuwar hanyarmu guda ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa duk ita su ke bi, ba su iya gittawa sai a tasha. Dabarar da aka daɗe ana bi a irin wannan hanya ita ce a danƙa wa direba wata sanda ko alamar ƙarfe, wadda ita ce izninsa na shiga tsakanin tasha da tasha. Muddin tana hannunsa ba a ba wani. Shi ya sa fasinja kan ga jirginsu ya daɗe tsaye a ƙaramar tasha kamar Madobi ba tare da wani dalili na fili ba: jiran ɗan'uwansa ya ke yi ya fito.

DON ME JIRGI BA YA TSAYA WA MUTUM?

Dalili uku ne. Na fari, ƙarfe ne ke gudu bisa ƙarfe. Santsin nan shi ya sa inji guda ke jan kayan da manyan motoci da yawa ba su ɗauka ba, amma shi ne kuma ya hana birki kamawa da sauri. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun mil 55 a sa'a ya kan ci mil guda ko fiye kafin ya tsaya. In direba ya hango ka a kan dogo, sau da yawa lokacin tsayawa ya riga ya wuce.

Na biyu, ido na ruɗin mutum. Abu mai girma in ya nufo ka, sai ka ga kamar rarrafe ya ke, alhali kuwa gudu ya ke yi. Na uku, jikin tarago ya fi dogo faɗi, ya kan zarce ƙarfe da wajen ƙafa 3 ta ko wane gefe. Wanda ya tsaya daf da ƙarfe yana cewa ai ba a kan hanya ya ke ba, yana cikin hanya.

Ran 9 ga Maris 2023, da safe, wata motar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas ta nemi ƙetare dogo a Ikeja, jirgin masu zuwa aiki ya yi awon gaba da ita. Aƙalla mutum 6 suka rasu, da dama suka ji rauni. Mutane ne da suka fito neman abinci kamar ni da kai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SABON DOGO DA TSOHO

Faɗin tsohon dogo, daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067. An zaɓe shi ne don arha, da kuma don yana jure lanƙwasa, amma ba ya ba da damar gudu sosai. Sabon da a ke shimfiɗawa faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435, irin wanda a ke amfani da shi a Ingila da Amurka da Sin. Bambancinsu inci 14 da rabi ne kurum, amma jirgin wannan ba ya hawa hanyar wancan.

Irin sabon nan aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna cikin Yuli 2016, da tsakanin Ikko da Ibadan cikin Yuni 2021. Cikin Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, mai tsawon wajen kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Cikin Yuli 2021 kuma aka aza harsashin ta Kaduna zuwa Kano, wajen kilomita 203, a Zawaciki, inda aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala cikin Janairu 2023. Ma'anar wannan duka ita ce Kano, wadda dā hanya guda ce ta shigo ta fita, za ta zama mahaɗar hanyoyi daga kudu da arewa da gabas. Jiragen kuwa za su fi na dā gudu, su kuma fi su rashin ƙara.

AMFANIN FILIN DOGO

Wani zai ce, in sabo ya zo, ina amfanin tsoho? Amsar tana ga filin da ya ke kai. A manyan biranen duniya akwai jirgin da aikinsa kawai ya kwaso ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta daga bayan gari da safe, ya mai da su da yamma. Ikko ta yi haka: jirginta na Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ya soma ɗaukar fasinja cikin Oktoba 2024, filin tsohon dogo ya bi, aka kuma gina gadoji bisa manyan mararrabai don kada mota da jirgi su gamu.

To, a duba tamu. Tsohon dogo ya taso daga masana'antun Calawa, ya bi ta Sharaɗa, ya sauka tashar da ba ta da nisa da manyan kasuwannin birni, ya wuce ta wajen Bompai. Miƙaƙƙiyar hanya irin wannan a tsakiyar gari, in da yau za a neme ta, sai an rushe gidaje masu yawa an biya diyya mai nauyi. Kakanninmu sun bar mana ita kyauta. Ko wace rumfa da aka kafa a kanta, da ko wane ɗaki da aka gina, toshe wa 'ya'yanmu hanya ne. Ba a fafa gora ranar tafiya.

ABIN DA A KE ROƘON JAMA'A

1. Kada a ƙetare dogo sai a mararrabar da aka tanada. A tsaya, a duba dama da hagu, a saurara.

2. In mai tuta ya tsai da kai, ko an sauke shinge, ka tsaya. Kada mai mota ko mai Adaidaita Sahu ya hau dogo sai ya ga akwai wurin fita a gabansa. In mota ta mutu a kan dogo, a fitar da mutane tukuna.

3. Mai kallo ya tsaya nesa, aƙalla taku goma daga ƙarfe. Kada a tsaya ɗaukar hoto a kan hanya, kada a bi ta da abin sauraro a kunne.

4. Iyaye da malamai, na boko da na allo, su hana yara jifan jirgi, da ɗora dutse ko kwabo bisa ƙarfe, da ɗafe tarago, da rarrafawa ƙarƙashin jirgin da ke tsaye.

5. Kada a kasa kaya, ko a zuba shara, ko a yi gini a filin dogo. Mai sayen fili kusa da hanyar jirgi ya binciki iyakarsa ga hukuma kafin ya biya kuɗi.

6. Ƙarfen dogo da kusoshinsa dukiyar jama'a ce. Ɓarawonsu da mai saye daga hannunsa duk masu laifi ne. Wanda ya ga ana kwance su ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda nan da nan.

Muna roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa su karanta wa jama'arsu wannan takarda, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Jirgi ya taɓa kawo wa Kano arziki, yana kuwa iya sāke kawowa, in mun bar masa hanyarsa. Allah ya kiyaye mu, ya kai matafiya gida lafiya, amin.