"Me Ka Ke Karantawa?": Tambayar Da Ke Kā Da Samarinmu

Kwanan baya na kai ziyara Gwarzo, na sauka wurin wani abokina malamin makaranta. Bayan sallar la'asar muna zaune a ƙofar gida, a gindin darbejiya, sai ga wani saurayi ya zo ya durƙusa ya gaishe mu. Mai masaukina ya ce mini tsohon ɗalibinsa ne, daga ƙasar Kabo ya ke, ya gama karatun aikin jinya, yanzu kuwa yana shirin zama jarrabawar Turanci wadda a ke yi wa masu son zuwa Ingila aiki ko ƙaro ilmi. Ya roƙe ni in ɗan gwada yaron, tun da ni baƙo ne, ba mu saba ba. Na ce to.

Na tambaye shi da Turanci ko yana son karatun littattafai. Kafin in rufe baki ya soma zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ce karatu ne abin da ya fi so a duniya, karatu na buɗe ƙwaƙwalwa, shi kuwa ba wanda ya ke jin daɗin littattafansa kamar Shakespeare. Na ce madalla. Na ce wanne ne daga cikinsu ya karanta kwanan nan, me kuma ya faru a ciki? Nan fa ruwa ya ɗauke. Ya dubi ƙasa, ya dubi malaminsa, ya shiga sosa ƙeya.

Da na ga haka sai na juya Hausa, na ce, "Samari, bar Turancin tukuna. Tsakaninka da Allah, me ka karanta cikin makon nan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam, ba wani abin kirki ba ne." Abin da ya kira ba na kirki ba, ga shi: kullum bayan asuba yana ɗaukar karatun Risala wurin wani malami a unguwarsu, da dare yana bin wani dogon labari na Hausa a cikin wayarsa, Ruwan Bagaja kuwa ya karanta shi sau uku, har ya kwashe kusan kwata na awa yana ba mu labarin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka riƙa yi wa juna ƙeta, muna ta dariya. Ashe yaro makaranci ne na sosai. Abin da ya hana shi magana shi ne ya ɗauka karatunsa bai isa a ambata shi gaban mai jarrabawa ba, don haka ya je ya aro na wani. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, tambaya ta biyu ta ke cika shi.

To, malamai da akawuna, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ku ne yaran nan ke zuwa wurinku neman shawara.

Bari mu fara da ita jarrabawar. Sunanta IELTS, an fara yin ta a 1989. Sashenta na magana ba ya wuce minti 11 zuwa 14, daga ɗalibi sai mai jarrabawa, ana kuma ɗaukar maganar a na'ura. An kasa shi uku. Da farko a tambayi mutum abubuwan da ya saba da su: garinsu, aikinsa, abin da ya ke yi in ya sami sukuni, a nan ne zancen karatu ya kan faɗo. Sa'an nan a miƙa masa 'yar takarda da batu guda, misali ya ba da labarin wani littafi da ya ji daɗinsa, a ba shi minti ɗaya ya yi tunani, ya yi magana shi kaɗai har minti biyu. Daga ƙarshe a zurfafa, a ce me ya sa mutane suka rage karatu, ko waya za ta kashe littafi, da irin waɗannan. Maki daga 0 ne zuwa 9, hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila kuwa 7 ta ke bukata a sashen magana ga wanda ya bi ta wannan hanya. Kuɗin zama ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin malami nesa ba kusa ba. Wanda ya faɗi, sau da yawa tumakin uwarsa ne ko buhunan masarar ubansa suka tafi.

Abubuwa huɗu a ke aunawa: gudun magana da haɗuwarta, yawan kalmomin da mutum ya mallaka, nahawu, da lafazi. Ku duba da kyau, babu darajar littafi a ciki. Mai jarrabawa bai damu ba ko Shakespeare ka karanta ko littafin kiwon kaji. Yana so ne ya ji ko za ka iya faɗin abin da ke ranka da Turanci, kuma an horar da shi ya gane maganar hadda. Ko ba wannan jarrabawa ba ma, duk wanda ya taɓa zama gaban kwamitin ɗaukar aiki ko na ba da tallafin karatu ya san ana son wannan tambaya, don da ita a ke gane mai kayan kansa da mai kayan aro. Ga shi a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo, watau irin wannan zama gaban kwamiti ya matso har ƙofar gida.

Laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, tana da takarda guda cikin jarrabawar Turanci wadda a ke kira gwajin magana. Amma a Nijeriya da fensir a ke yin ta: tambayoyi 60, ɗalibi ya zaɓi amsa ya cike gurbi. Yaro na iya cinye ta sarai bai buɗe baki ba ko sau ɗaya. Malami kuwa abin da za a tambaya shi ya ke koyarwa, ba wanda zai ga laifinsa. Haka yaro zai shekara shida a sakandare, ya san alamar kowane sauti a kan allo, amma bai taɓa yin maganar minti biyu a jere da Turanci ba. A birnin Kano ya kan yi karo da baƙi a kasuwa ko a jami'a, dole ta sa shi ya motsa harshe. A Gwarzo, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birni, da Getso da Garo da sauran garuruwan yamma, daga gida har kasuwa har tasha Hausa ce, Turancin sai cikin aji, cikin ajin ma rabi da rabi.

Sai kuma littafin da hukumar JAMB ke ɗora wa masu neman shiga jami'a. Daga 2021 zuwa 2024 The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Ba na kushe littattafan. Amma da yawa ba su karanta su ba, taƙaitawa da tambayoyin baya suka haddace, sa'an nan in an ce wane littafi ka fi so, yara goma su ambaci suna guda. Wanda ya karanta shi da gaske ya ambata shi, ba laifi. Wanda bai karanta ba ya ƙyale shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kunyar da yaranmu ke ji ta ambaton littafin Hausa, musamman yaran wannan yanki. A 1933 Dokta Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga cikinta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da shi East, na biyar ɗin kuwa Idon Matambayi ne na Malam Muhammadu Gwarzo. Watau sunan garin nan yana cikin tubalan farko na ƙagaggun labaran Hausa na boko. Da na faɗa wa saurayin nan haka, sai ya buɗe baki, bai taɓa ji ba. Ku duba irin amsar da ya ke zaune a kanta: ya ce wa mai jarrabawa cikin marubutan farko na harshensa akwai mai sunan garin da ya yi makaranta. Wane baƙo ne ba zai gyara zama ya ce ƙara mini ba?

Turawan ma da kansu sun nemi waɗannan littattafai. Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Turanci a 1967. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito daga cikin adabin kasuwar Kano, an buga fassararsa a Indiya a 2012. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016. Yarinyar da ke karanta irin waɗannan a ɗakin uwarta a Kabo tana da abin faɗi. Haka ɗalibin da ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala: zai iya bayyana yadda a ke zama gaban malami, a karanta layi da Larabci a fassara da Hausa, da yadda a ke sauke littafi a ɗauki na gaba. Wannan zance ne na minti biyu har da ragi.

Amma fa sanin abin faɗi daban, iya faɗinsa daban. Akwai ramuka da Bahaushe ya kan faɗa a daidai wannan batu, ya kamata malami ya san su.

Mu kalma ɗaya gare mu, karatu. Da ita mu ke nufin duba littafi don jin daɗi, da bitar darasi don jarrabawa, da tilawa. Bature ya raba su uku, "read" da "study" da "recite", in ka gwama su sai ya kasa gane ko labari ka ke karantawa ko hadda ka ke yi. Haka aro. Mu kan ce ara mini, mu kuma ce na ara, duk kalma guda, shi ya sa yaro ke cewa "borrow me" alhali "lend me" ya kamata. Littafi mai daɗi kuma ba "sweet" ba ne, wannan na zuma ne da rake. Ita "read" kanta, in abin ya wuce rubutunta bai sāke ba amma faɗinta ya sāke, ta koma kamar sunan jan launi a Turanci. Wanda bai san haka ba duk labarinsa na bara sai ya zama na yau.

Ga lafazi kuma, sanannen abu ne Hausa ba ta raba sautin p da f ba, ba ta kuma da v. Rashin sa'a, kalmomin da a ke bukata a zancen karatu cike su ke da su: "page", "chapter", "prefer", "novel", "favourite". Ba a ce mutum ya mai da harshensa na mutumin London ba, ba a rage maki don an ji Bahaushe ne. A dai gane abin da ya ce. Tsohuwar dabarar malaman da tana nan da amfaninta: a riƙe 'yar takarda gaban baki, in p ta fita daidai takardar za ta yi tsalle, in f ce haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa.

Akwai wani abu kuma da ba na harshe ba ne, na tarbiyya ne. Mun koya wa 'ya'yanmu in babba na magana su sunkuyar da kai, su amsa a taƙaice. Wannan ladabi ne, ba kuwa mai son a zubar da shi. Sai dai a ɗakin jarrabawa wanda ya ce "yes" ya yi shiru bai ba mai jarrabawa abin aunawa ba. Dole a gaya wa yaro, balle yarinya, cewa a wannan wuri ɗaya ɗaga kai da tsawaita magana ba rashin kunya ba ne. In an ce kana son karatu, ya amsa, ya faɗi irin wanda ya ke so, ya faɗi dalili, ya kawo misali guda. In kuwa ba ya son karatu, ya fi son sauraron labari a rediyo, ya faɗi haka da dalilinsa. Ita ma amsa ce cikakkiya.

Yadda za a yi bitar ba ya bukatar kuɗi. Mutum biyu su zauna bayan isha'i, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, a ajiye waya tana ɗauka tana kuma ƙidaya minti biyu. Kada a rubuta amsa, in an rubuta an koma hadda. Kalmomi huɗu ko biyar a bayan ambulan sun isa. Aikin mai tambaya shi ne ya zama mai naci: duk abin da aka faɗa ya ce don me, yaushe, sai me ya faru. In an gama a saurara tare. Ranar farko mutum zai ji muryarsa ya so ƙasa ta tsage ya shige, ba kome. Gobe a sāke ba da labarin nan da wasu kalmomi dabam. Malamin da ke da aji kuwa, ko minti biyar ya ware a ƙarshen darasi, yaro ɗaya ya tashi ya faɗi abin da ya karanta jiya, kafin zango ya ƙare an zagaya aji. Akawun da ke da ƙane ko ɗa mai shirin nan, shi ma ya iya zama mai tambayar.

Washegari da safe, kafin in kama hanyar Kano, saurayin nan ya dawo. Na sāke yi masa tambayar jiya. Ya ɗaga kai ya ce littafin da ya fi so na Hausa ne, labarin wani mutum da ya fita neman wani ruwa mai magani don a warkar da ɗan sarki. Ya yi tuntuɓe nan da can, ya rasa yadda zai ce ƙeta da Turanci har ya kewaya ya ce mugun wasa, "chapter" kuma ta ƙi zama a bakinsa sau biyu. Amma da mai masaukina ya dubi agogo, minti biyu sun wuce da daƙiƙa ashirin, shi kuwa ko Malam Zurƙe bai kai ga shigowa labarin ba.