Horon ma'aikatan lafiya a Damagaram: darasi ya iso cikin salula, saura aiki da shi

Kowace shekara, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ta gamu da tamowa, gidajen likita na jahar Damagaram sukan cika maƙil da yara. A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 730 ne ke kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma wajen goma ke rasuwa kowace rana. A irin wannan lokaci, idan ma'aikaci guda ya bar wurin aikinsa mako ɗaya domin halartar taron horo a birni, marasa lafiya ne za su ji a jikinsu. Idan kuma bai sabunta iliminsa ba, su ne dai za su ji. Wannan ita ce matsalar da ake fatan karatu ta intanet zai warware.

Yadda aka saba yi

Damagaram ba baƙuwa ba ce wajen horar da ma'aikatan lafiya. Tun cikin shekarun 1970 aka buɗe makarantar koyon aikin jinya a birnin, wadda a yau ake kira ENSP, kuma jami'ar da aka kafa a 2010 tana da sashen koyon aikin likita. Amma ilimin makaranta yakan tsufa, domin magunguna da ƙa'idodin aiki suna sakewa. Saboda haka aka saba da horo hawa-hawa: a kira manyan jaha zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, su dawo su horar da na gundumomi 11, daga Magarya da Matamai har Tanut da Tesker, su kuma su horar da na ƙananan gidajen likita.

Wannan tsari yana da illa uku. Ta farko, saƙo yakan ragu a hanya kafin ya kai ga na ƙarshe. Ta biyu, wurin aiki yakan zama babu kowa. Ta uku, kuɗin guzurin da ake biyan mahalarta yakan sa a riƙa zaɓen wanda za a tura ba bisa buƙatar aiki ba.

Karatu daga nesa

A farkon shekarun 2000, asibitin jami'ar Janeba ta ƙasar Suwis da likitocin Mali suka kafa wani tsari mai suna RAFT, wanda ke watsa darussa ta intanet ga ma'aikatan ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Nijar. An tsara shi yadda zai yi aiki ko da rezo ba shi da ƙarfi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe dandalin OpenWHO mai ba da darussa kyauta, kuma annobar korona ta 2020, da ta hana taruwa, ta sa ma'aikata da yawa suka koma ga wannan hanya. A Disamba 2024 hukumar ta buɗe babbar makarantarta a birnin Liyon na Faransa, wadda yawancin karatunta daga nesa ake yi.

Amfanin abin a fili yake. Unguwarzoma da ke Belbeji za ta iya jin darasi daga bakin gwani kai tsaye, ta maimaita shi sau nawa ta so, ba ta bar mai naƙuda ba. Sai dai akwai cikas: ƙarancin wutar lantarki, raunin rezo a karkara, da tsadar kuɗin intanet, wanda sau da yawa daga aljihun ma'aikaci yake fita. Haka kuma mafi yawan darussan da Faransanci suke, alhali masu taimaka wa likita a ƙauyuka sun fi buƙatar bayani da murya, cikin Hausa ko Barbarci ko Fillanci.

Akwai kuma cikas da ya fi waɗannan girma. Mutum yakan gama darasi, ya karɓi takardar shaida, gari ya waye ya ci gaba da aiki yadda ya saba, domin abokan aikinsa ba su ji abin da ya ji ba, shugabansa kuma bai tambaye shi ba. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun daɗe suna nuna cewa ƙa'idar da ke rubuce daban, abin da ake yi a ɗakin awo daban, kuma inda aka ga aiki ya gyaru, galibi akwai wani shugaba na cikin gida da ya tsaya a kai.

Misalai biyu

A 2006 gwamnati ta yanke cewa a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Iyaye suka yi ta zuwa, kuma matakin yana cikin abubuwan da suka sa mutuwar yara a Nijar ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu ya sa magani ya riƙa yankewa, ma'aikata suka shiga tsaka mai wuya tsakanin doka da kantar da babu kome. Umarni ya sauko, shirin ɗaukarsa bai cika ba.

Misali na biyu daga ƙasar Mirya ya fito. Daga 2013 zuwa 2014, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata sama da 12,000 a yankin Dogo yadda ake auna damtsen yaro da wani ɗan zare mai launi uku, ja da ɗorawa da tsanwa, domin gane tamowa. A yankin Takyeta kuwa aka bar aikin a hannun ma'aikatan ƙauye 36, sannan aka gwada. Sai aka tarar yaran Dogo sun fi isowa da wuri, waɗanda aka kwantar a asibiti sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabi ba. Darasin kansa gajere ne ƙwarai. Babban aikin shi ne likita ya yarda da awon matar da ba ta yi lakwal ba, shugabanni kuma su shigar da abin cikin aikin yau da kullum. Daga baya ƙasashe da dama suka ɗauki wannan dabara.

Abin da ya rage ga shugabanni

Hausawa sun ce idan kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, amma wani ne ke fara ɗaga ƙafa. A gidan likita, wannan mutum shi ne majo; a gunduma kuwa, babban likita. Shi ya kamata ya ware sa'a guda a mako, bayan an sallami marasa lafiya, a saurari darasi tare, har da mai sayar da magani da mai shara. Daga nan a zaɓi abu guda da za a sake, misali a riƙa fara duba yaro mai suma kafin masu layi, a faɗi sunan wanda zai kula, bayan wata ɗaya a buɗe rajista a ga ko an yi. Wanda ya ƙi sabon tsari a saurari dalilinsa, domin sau da yawa rashin kayan aiki ne ke bakinsa.

Masu rangadi daga jaha su ma su daina tsayawa ga ƙirga takardun shaida, su tambayi abin da ya sake a ɗakin awo. Kuɗin da aka rage na mota da masauki a saye hasken rana da kuɗin intanet da shi. Kuma a yi karatun tun cikin rani, domin idan Agusta ta kama, uwar da ta goyo ɗanta daga ƙauye ta tarar da likita a wurinsa, kuma ya san abin da zai yi.