NAFKIN NA ƘYALLE: YADDA ZA A ZAƁA, A WANKE, A KIYAYE TSARKI



'Yan uwa masu albarka, tsadar famfas ta sa gidaje da yawa suna barin jariri cikin guda ɗaya tun safe har la'asar don a yi tattali. Wannan cutar da yaro ne. Fitsari da kashi in suka daɗe a jiki sai su cinye fata, mazaunai su yi ja, yaro ya kwana yana kuka a ce maita ce ko baki. Nafkin na ƙyalle da iyayenmu suka yi reno da shi ya wadatar, in an san yadda ake amfani da shi.

Maigida, in ka je kasuwa nemi na auduga zalla, fari, mai laushi. Mai leda-leda ba ya shan ruwa, zafi kawai yake riƙewa. Amfanin fari shi ne uwa za ta ga launin fitsari da kashi. Sayi kamar dozin 2, domin sabon haihuwa kullum cikin canji yake. A wanke sabo kafin a fara sawa.

Uwargida, ki duba shi duk bayan awa 2 zuwa 3, kashi kuwa nan take ake cirewa. Ki wanke shi da ruwan ɗumi, mace daga gaba zuwa baya. Ki tsane jikin, ki bar shi ya ɗan sha iska, sannan ki shafa man kaɗanya mai tsabta ko man kwakwa. Hoda a bar ta, yaro na shaƙarta. Man habbatus sauda mai albarka ne, amma yana da zafi, ba a sa shi a fatar jariri da ta saɓule. Kafin cibiya ta faɗi, ki naɗe nafkin ƙasa da ita. Wandon roba kuma kada ya wuni a jiki lokacin zafi.

Wajen wanki, kashin a juye shi a masai. Masu cewa kashin jariri ba komai ba ne sun yi kuskure, yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa. A ware masa bokitinsa daban, a wanke da sabulu, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, don ragowar omo ma tana kawo ƙuraje. A shanya a igiya cikin rana, ba a ƙasa ko a inuwa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙyalle mai warin fitsari, tsutsarsa ta shige fata ta zama kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan. In an gama, a wanke hannu da sabulu.

To, batun tsarki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ummu Ƙais ta kawo ɗanta da bai fara cin abinci ba, ya yi fitsari a tufafin Manzon Allah (SAW), sai ya yayyafa ruwa bai wanke ba. Wasu malamai sun ɗauki wannan ga ɗa namiji kaɗai, na mace wankewa ake yi. A mazhabarmu ta Malikiyya duka biyun ana wankewa, amma an yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufafinta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta ware zanen sallah. In za ki yi sallah da goyo, ki fara duba nafkin ɗinsa.

Nafkin kuma ma'auni ne. Jaririn da ya haura kwana 5, in nono na isarsa, zai jiƙa aƙalla 6 a yini da dare. In fitsari ya ragu ya yi duhu, ko ƙuraje suka wuce kwana 3 ba sauƙi, ko suka fara ruwa, ko jiki ya yi zafi, to ba na gida ba ne, a kai shi asibiti ranar.

'Ya'ya amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya raya mana su bisa Sunna, Ya ba su lafiya. A tura wa masu jego da magidanta.

Wallahu a'alam.