Yadda Injin Babur Ke Hucewa: Da Iska Ko Da Ruwa?

Duk wanda ya taɓa kai hannu jikin injin babur bayan doguwar tafiya ya san irin zafin da yake ɗauka. Daga wutar fetur wannan zafi yake fitowa. A cikin inji fetur yana gauraya da iska, fulogi ya kyasta masa wuta, wutar ta tura fistin. Kaɗan ne daga ƙarfin wutar ke juya ƙafar babur. Mafi yawa zafi ne kawai, kuma tilas a fitar da shi. In ba haka ba ƙarfe ya kumbura, fistin ya cije, inji ya buga.

Hanya biyu ake bi wajen fitar da zafin: iska ko ruwa.

Yawancin baburan da ake hawa a ƙauyukan ƙasar Hausa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, da iska suke hucewa. In mutum ya duba injinsu zai ga ƙarafa jere kamar haƙoran matsefi. Ba ado ba ne. Zafi yana fitowa ya bi waɗannan ƙarafa, iska kuma ta kwashe shi yayin da babur yake gudu. Irin wannan inji ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma bakaniken ƙauye yana iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar.

Inji mai ruwa kuwa kamar na mota yake. Ruwa yana zagaya jikin injin ta wasu hanyoyi, famfo yana tura shi ta tiyo zuwa lagireto. A can iska take sanyaya shi, ya sake komawa. In babur yana tsaye, fanka ce take hura wa lagireto iska. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke hana ruwan tafiya lagireto sai inji ya ɗumama. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a 1908 kamfanin Scott na Ingila ya fara ƙera babur mai ruwa. A 1971 Suzuki ya fito da GT750, wanda mutanen Ingila suka laƙaba wa suna butar shayi.

To, tun da mai iska ya fi sauƙi, me ya sa manyan kamfanoni suke barinsa? Dokar hayaƙi ce.

Hayaƙin babur yana ɗauke da guba. A ciki akwai wadda ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce ke kashe mutanen da suka kwana da janareto a kunne cikin ɗaki. A 1999 ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa wa babura dokar hayaƙi mai suna Euro 1. Ta yarda babur irin wanda ba a gauraya masa fetur da baƙin mai ya fitar da giram 13 na wannan guba a kowace kilomita. Aka yi ta matse dokar. Da aka zo Euro 5 a 2020, giram 1 kacal aka yarda.

Nan ne inji mai iska ya shiga uku. Zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da sanyin asuba daban, da rana tsaka daban. A kan buɗaɗɗen titi daban, cikin cunkoson kasuwa daban. Saboda ƙarfe yana kumbura in ya yi zafi, masu ƙera shi sukan bar 'yar rata tsakanin fistin da silinda. Ta wannan rata baƙin mai yake silalewa ya ƙone tare da fetur. Bayan haka sukan sa injin ya sha fetur fiye da kima, domin rarar fetur tana rage masa zafi. Amma rarar ba ta ƙonewa duka. Sai ta fita ta salansa ta zama guba.

Ruwa yana riƙe inji a kan zafi kusan iri ɗaya kullum, ƙasa kaɗan da tafasa. Saboda haka ana iya matse ratar, a kuma auna masa fetur daidai, wajen kashi 1 na fetur ga kashi 15 na iska bisa nauyi. Da wannan awo ne matatar da ake sakawa cikin salansa take iya cinye guba. Ruwan yana kuma rage ƙara, ita ma akwai dokarta.

Manyan babura ne abin ya fi shafa. Kamfanin BMW na Jamus ya sa wa babur ɗinsa R1200GS ruwa a 2013. Harley-Davidson na Amurka ya janye tsohon Sportster mai iska daga kasuwar Turai saboda Euro 5, ya fito da sabo mai ruwa a 2021. A shekarar ce kuma Yamaha ya daina sayar da SR400 a Japan, babur da aka fara ƙerawa tun 1978.

Ƙananan babura dai sun tsira. Ƙaramar tukunya ta fi babba saurin hucewa, haka ma ƙaramin inji. A watan Afirilun 2020 Indiya, ƙasar da Boxer ta fito, ta kafa tata dokar mai tsanani. Kamfanonin can ba su koma ruwa ba a ƙananan babura. Abin da yawancinsu suka canja shi ne kafireto. Suka sa na'ura mai fesa fetur bisa awo, suka bar iska tana aikinta.

Mai babur irin na iska ya riƙa kankare taɓo daga ƙarafan jikin inji, musamman da damina, don taɓo yana toshe iska. Ya canja baƙin mai a kan lokaci, domin shi ma yana kwasar zafi. Kada ya bar inji yana aiki a tsaye na dogon lokaci. Kada ya watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfen yana iya tsagewa. Wanda nasa mai ruwa ne, ya zuba ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa a shagon kayan gyara, ba ruwan rijiya ba, don yana kawo tsatsa. Kuma kada ya buɗe murfin lagireto sai inji ya huce sarai, domin tururin yana iya ƙona masa hannu da fuska.