Neman Bajimin Iri a Karar Maigatari

Kasuwar Maigatari ranar Alhamis take ci, amma tun la'asar ɗin Laraba garin yake fara cika. Garkuna na shigowa ta arewa, daga ƙasar Damagaram, wasu sun kwana biyu a ƙafa. Tireloli kuma na shigowa ta kudu, ta hanyar Gumel, babu komai a cikinsu sai yashin da aka shimfiɗa don kada dabba ta zame. Garin yana Jihar Jigawa, a bakin iyakar Najeriya da Nijar, kuma wannan zama a bakin iyaka shi ne jarinsa. Ana ciniki da naira, mai kaya yana lissafi da sefa a zuciyarsa, 'yan canji na jiransa a gefe. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kasuwar ta ji a jikinta, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe mashigai huɗu, Maigatari na cikinsu. An sake shan irin wannan wahala bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Kowace dabba da wurinta: raƙuma can, jakuna da dawakai can, tumaki da awaki sun cika fili guda. Amma kara, wurin shanu, ita ce uwar kasuwar. Nan za ka ga makiyayi da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya bayan dillalinsa ba ya cewa uffan. Ga 'yan baranda da ke saye da hantsi su sayar kafin azahar ba tare da sun bar filin ba. Ga mahautan garuruwan kusa, ga kuma manyan fatake masu lodin Legas da Fatakwal da Anacha. Duk waɗannan abu ɗaya suke nema, wato nama. Babu sikeli a wajen. Ido da tafin hannu su ne ma'auni. Falke zai dafa gadon bayan sa, ya matsa gindin wutsiya, ya ja da baya taku biyu, ya faɗi abin da zai fito idan an feɗe, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya.

A cikin wannan taro akwai wani mai saye da kasuwar ba ta tanadar masa komai ba. Shi ne mutumin da ya tara 'yan shanu, karsana ashirin ko talatin, yana son bajimin da zai riƙa barbararsu don ya samu maruƙa masu saurin girma da cikar jiki. Abin da yake nema ba a ganinsa a jikin sa kai tsaye, kuma farashin kara bai san da shi ba. Saniya ɗa guda take bayarwa. A garkunanmu ma sau da yawa sai ta kusa shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Shi kuwa bajimi balagagge mai lafiya yana iya ɗaukar shanu ashirin da biyar zuwa talatin, rabin jinin kowane maraƙi nasa ne. In an yi kuskuren saniya, an yi asarar ɗa ɗaya. In an yi kuskuren bajimi, garken gaba ɗaya ya shiga, kuma ba za a gane ba sai an jira wata tara na ciki, an ƙara shekara guda ko biyu ana kallon maruƙan suna tafiyar hawainiya.

Abu na farko da zai yanke shi ne iri, kuma Maigatari wuri ne mai kyau na ganin iri-iri a jere. Akwai Bunaji, farfarun shanun Fulani masu baƙin hanci da baƙin kunne, waɗanda suka fi kowane iri yawa a Najeriya, sun haura kashi ɗaya cikin uku. Akwai Rahaji, jajayen Bororo masu dogayen ƙahoni da dogayen ƙafafu, gwanayen tafiya, masu jure ƙishirwa, amma ba su cika son turke ba, ƙashi ya fi tsoka yawa a jikinsu. Akwai Azawak daga arewacin Nijar, masu gajeren ƙaho, da aka san matansu da nono. Wani lokaci a ga Bokoloji, Gudalin Sakkwato, mai kaurin jiki da gajerun ƙafafu, ƙahonsa ɗan tsugul ko babu, fata na reto a ƙarƙashin wuyansa. Ga mai neman nama, ido yakan tafi kan Bokoloji, kuma da dalili, don shi ne ya fi tara tsoka a cinya da gadon baya, ga shi da sanyin hali. Sai dai iri yana tafiya da wurin zama. Wanda shanunsa ke yin nisan kiwo kullum, ko suke gangarawa kudu da rani inda kaska da tsando suka yi yawa, zai fi samun kwanciyar hankali da Bunaji mai kyau. Ni a ganina mutane da yawa suna sayen bajimin da ya burge su a kara, ba wanda dajin garinsu zai iya ciyar da 'ya'yansa ba.

Bayan iri sai baki. Masu jan shanu za su riƙe ƙaho da hanci, a ɗaga leɓen ƙasa a ƙirga haƙora. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa, kuma suna fidda na nono su maye su da manya biyu-biyu. Biyun farko sukan fito wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, baki ya cika wajen shekara biyar. Falke bai damu sosai da wannan ba. Mai neman iri kuwa a nan cinikinsa yake tsayawa ko ya ci gaba. Wanda bai fidda ko biyu ba yaro ne, ba zai iya da garke ba tukuna. Wanda bakinsa ya cika har haƙoran sun fara cinyewa suna warwatsuwa ya ba wani garken ƙuruciyarsa, saura ya kawo maka. Mai haƙora huɗu, wajen shekara uku zuwa uku da rabi, shi ne ake so: ya isa aiki, kuma da sauran shekaru a gabansa.

Daga nan sai a zagaya baya, wurin da masu kunya suke wucewa da sauri alhali nan ne ainihin abin da suka zo saye. 'Ya'yan marainan bajimi su kasance biyu cif, girmansu ɗaya, sun sauko sosai, manya daidai shekarunsa. A taɓa a ji tauri mai ɗan danƙo, ba taushin ruɓaɓɓen abu ba, ba kuma taurin dutse ba; su riƙa motsi cikin fatarsu, babu kumburi, babu tabon ƙurji. Likitocin dabbobi da awo suke zagaye su, domin an tabbatar cewa girmansu yana tafiya da yawan maniyyin da sa ke bayarwa. A duba fatar gabansa a ƙarƙashin ciki: in ta yi reto da yawa, ƙaya da karmami za su riƙa yi masa rauni. Akwai kuma fiɗiyayyu da yawa a kara, shanun huɗa da na amalanke da suka gama aiki aka ciyar da su. Su ne sukan fi kowa kyan gani, baƙo da ya zo da zumuɗi yana iya tsayawa yana taya ɗaya.

Ƙafafu ma haka. Bajimi a kan ƙafafun baya yake ɗora nauyinsa duka lokacin barbara, don haka dole a sa a ja shi ya yi tafiya, a tsaya a baya a kalla, a koma gefe a kalla. Mai ɗingishi ko kaɗan ne, mai kumburarren gwiwa, mai kofaton da ya yi tsawo ya murɗe, mai ƙafar baya a miƙe sambal babu lanƙwasa, duk a bar su ga mahauta. Sauran siffofin kowa ya san su: faɗin ƙirji, miƙaƙƙen baya mai tsawo, haƙarƙari a buɗe, cinya cike har ƙasa, tozo a tsaye, ido garau, hanci da danshi. A lura da hali kuma, domin sa mai tunkuyi yakan bar wa 'ya'yansa, kuma yara ne ke kiwo a yawancin gidaje.

Babban tarkon kara shi ne san turke. An ɗaure shi wata uku ko huɗu a inuwa, ana ɗura masa dusa da harawa da ƙwayar auduga, ana ba shi kanwa, har fatarsa na sheƙi. Wannan sana'a ce mai kyau, kuma domin wuƙa aka yi ta. Amma kitse yana rufe aibi. Yana ɓoye ƙaramin ƙashi da ƙuntataccen ƙugu, in ya taru a maraina kuma yana rage ƙarfin haihuwa. Ka kai irin wannan sa daji ya bi garke, cikin wata biyu zai zube ka rasa gane shi. Shi ya sa tsofaffin masu kiwo suke cewa a nemi bajimi da bazara, kafin ruwa ya sauka, lokacin da ciyawa ta ƙare kowace dabba ta rame. San da ya fito daga kiwon daji a wannan lokaci da sauran tsoka a jikinsa ya nuna abin da ke cikin jininsa. Farashi ma yakan sauko a lokacin, saɓanin gab da Babbar Salla da kowa ke neman na layya.

Akwai tambayoyin da jikin sa ba zai amsa ba, sai mai shi. Nan ne amfanin dillali na gari yake fitowa, wanda ya san rugar da dabbar ta fito, ya san uban makiyayin. Ciniki yakan tafi kamar haka:

"Baffa, wannan haihuwar garkenka ne, ko saye ka yi?"

"Haihuwar gida ne, Alhaji. Uwarsa na nan, wannan ne na huɗunta."

"Tana da nono? Ta taɓa ɓari?"

"Ba ta taɓa ba. Maraƙinta ba ya rama."

"To me ya sa za ka rabu da shi?"

Wannan ta ƙarshe ita ce tambayar. Makiyayi ba ya fidda bajiminsa na ƙwarai haka kawai. Shi ne darajar garkensa, ya fi son ya sayar da uku marasa kyau ya bar shi. In ya ce 'ya'yan san ne suka girma, ba ya son ya hau su, wannan dalili ne mai kyau, har ma albishir ne, don yana nufin an ga 'ya'yansa a ƙasa. In ya ce aure ne ya taso, ko hatsi ya ƙare a gida, ko akwai wani ƙanen san da ya taso, duk ana iya karɓa. In aka fara kewaye-kewaye, ko aka ce ai daga hannun wani aka karɓo shi makon jiya, sai a yi sallama. Nonon uwa kuwa ba zancen masu sayar da kindirmo kaɗai ba ne. Maraƙin da ya ƙoshi a watanninsa na farko shi ne san nama na gobe, kuma 'ya'ya matan bajimin za su gaji nonon kakarsu.

Zancen ɓari da Alhaji ya yi ba don hira ba ne. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu zubar da ciki a watannin ƙarshe, mai kumbura gwiwa da maraina, wadda mutane ma ke ɗauka ta ɗanyen nono. Sa yana iya ɗauke da ita yana tsaye lafiya lau, gwajin jini ne kawai ke nuna ta. Ciwon huhu ma yana ɓuya a jikin dabbar da ta warke a ido. Boru da kirci sun fi sauƙin ganewa, ɗaya a baki da kofato, ɗaya a fata. Kara kuwa wuri ne da dabbobin ƙasashe biyu ke shaƙar numfashin juna yini guda.

In komai ya yi, sai a shiga taya. Alhaji ya faɗi nasa, dillali ya juya ya yi ƙus-ƙus da Baffa, ya dawo ya ce albarka. A ƙara, a ce albarka. Dillali ya kama hannun wannan ya kama na wancan, ya roƙi wannan ya ƙara don Allah, ya roƙi wancan ya rage don zumunci, har a ji "na sallama". A biya la'ada, a biya kuɗin kasuwa a karɓi takarda. Kada a raina takardar nan, ko shaidar dillalin. A shekarun nan da satar shanu ta addabi Arewa, su ne za su fitar da mutum in wani ya zo ya ce san nasa ne.

Abin da ke damuna duk lokacin da na tsaya wajen lodi da yamma shi ne irin bajiman da ke hawa tirela. Masu haƙora huɗu, masu faɗin ƙirji, marasa aibi ko ɗaya, waɗanda da za su gyara garkuna goma, ana tura su Legas saboda falke ya fi mai kiwo kuɗi a hannu. Ƙananan da ba su kai lodi ba su ne ke komawa ruga su yi barbara. Shekara da shekaru ana wannan tacewa ta baibai. A Nijar akwai tashar Tukunus, kusa da Filinge, inda aka daɗe ana zaɓen Azawak ana rubuta asalin kowace dabba. A Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Amma tsakanin waɗannan wurare da mutumin da ke tsaye a kara da kuɗinsa a aljihu akwai tazara mai nisa. Ba wani abu mai tsada ake buƙata ba: shinge guda a gefen kara domin shanun iri kaɗai, da likitan dabbobi mai awo da kayan ɗibar jini, da 'yar takarda mai ɗauke da shekarun sa da garken da ya fito. Masu saye za su biya ƙari a kan wannan da daɗin rai, makiyayi kuma zai samu dalilin kawo na ƙwarai.

Kafin a samu haka, wanda ya sayi nasa ya kai shi gida ya ware shi daga garke kamar wata guda, da wurin shan ruwansa daban. A kira likita ya ɗebi jini, a yi masa rigakafi, a ba shi maganin tsutsa da na kaska. In akwai tsohon bajimi a garken, a fitar da shi kafin a saki sabon, don faɗan rana ɗaya yana iya karya ƙafar da aka sha wahalar dubawa. A kuma riƙe lissafin ranar da ya shiga, domin nan da shekara uku zuwa huɗu 'ya'yansa mata za su isa barbara, dole a sake neman wani daga jinin da ba nasa ba.