Hayaƙin Murhu Ba Gatan Jinka Ba Ne

Daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har kanabi, sansanonin ma'aikatan gona da ke kewaye da Wad Madani, maganar iyayenmu mata ɗaya ce: a bar hayaƙi ya zauna a ɗakin girki, shi ke hana gara cin jinka, shi ke korar sauro. Ba da ka suka faɗa ba. Ciyawar da ta sha hayaƙi takan jima ƙwari ba su taɓa ta ba, kowa ya shaida.

Amma, iyayenmu, a ɗaga kai a dubi abin da hayaƙin ya bari. Wannan baƙar kunkunniya mai danƙo da ta lulluɓe tanka ragowar itace ce da wuta ba ta gama ci ba, kuma tana nan tana jira. Ɗanyen itace ya fi tara ta. Karan auduga da na dawa, waɗanda gonakin Jazira suka wadata mu da su, suna ci da gaggawa suna watsa tartsatsi sama. Ƙwara ɗaya ta isa. In aka yi rashin sa'a iskar rani na kaɗawa, ga guɗɗiya, wato bukka, jikin guɗɗiya, ga dangar kara ta haɗa su, kafin a ɗebo ruwa daga tur'ar ban-ruwa unguwa ta tafi. Jinkar da aka tsare daga gara shekara da shekaru, wuta ta lashe ta kafin a sauke asida.

Batun sauro kuwa, murhu na mutuwa bayan isha, sauron zazzaɓi kuma cikin dare yake cizo. Gidan sauro ne maganinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙirjin matar da ke durƙushe gaban doka, wato tanda, tana yin kisra da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 gas ya yi wuya, gidaje da yawa suka koma itace da gawayi, tari ya dawo da ƙarfinsa. Murhun kanun mai garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi ya fi muni, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Mafita ita ce a ba hayaƙi hanya. Mafi sauƙi, a yi girki a rakuba, wato rumfa mai iska, nesa da danga. Wanda ya gina murhun laka mai bututu kuma, ya sani bututun ƙarfe yana zafi har ya kunna ciyawa. Gara a fitar da shi ta bangon ƙasa, nesa da bakin jinka, sannan a miƙe shi ya zarce ƙololuwar ɗaki, a sa masa hula. Wurin haɗi, bakin na sama ne ke shiga cikin na ƙasa, don danƙon ya gangara cikin wuta maimakon ya tsiyayo waje. A riƙa kwance shi ana kankare kunkunniyar, musamman kafin shigar rani, domin bututun da ya toshe shi ma yakan kama da wuta daga ciki.